Magudanar ruwan tsakar gida a ƙasar Bakori

Magudanar ruwan tsakar gida ita ce hanyar da ake tsara wa ruwan sama da ruwan wanka da na wanke-wanke domin ya fita daga gida ba tare da ya kwanta ko ya ci gini ba. A garin Bakori da ƙauyukan da ke kewaye da shi, a kudancin jihar Katsina, hanyar takan faro daga rufin ɗaki, ta bi ta indararo, ta sauka tsakar gida, ta fice ta rariya zuwa kwatar layi, sannan ta ƙare a kududdufi ko rafi. Ruwa ba ya barin gida sai kowane mataki a cikin wannan jeri ya fi na gabansa tudu. Yawancin matsalolin da masu gidaje ke kuka da su a damina, kamar taruwar ruwa a tsakar gida, danshin bango da faɗuwar katanga, suna faruwa ne a daidai inda jerin ya karye.

Bakori hedikwatar ƙaramar hukuma ce da aka ƙirƙiro a shekarar 1989, tana kan hanyar Funtua zuwa Malumfashi. Ƙidayar shekarar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 149,371. Yanki ne na noman masara, dawa, auduga da waken suya, kuma gidaje da yawa suna ajiye da hatsi da dabbobi a cikinsu, abin da ya sa ɓarnar ruwa ba ta tsayawa a kan gini kaɗai.

Kalmomi

*Magudana* sunan wuri ne da aka gina daga aikatau *gudana* ta hanyar ɗafa *ma-* a farko da *-a* a ƙarshe, kamar yadda aka samu *makwarara* daga *kwarara* da *mahauta* daga *hauta*. Ita ce kalmar da aka fi gani a rubuce da kuma a labaran rediyo. A bakin magina da matan gida kuwa, kowane sashe da sunansa.

*Indararo* shi ne bututun da ke leƙowa daga rufin soro yana watsa ruwa nesa da bango. *Rariya* ita ce kafar da ake bari a gindin katanga. Wannan kalma tana da ma'ana fiye da ɗaya: ita ce kuma abin tankaɗe, kuma a karin harshen yamma, kamar Sakkwatanci, ana kiran hanyar cikin gari da ita. Abin da ya haɗa ma'anonin shi ne wurin da abu ke bi ya wuce. *Kwata* da *kwalbati* da *sokawe* duk aro ne daga Turanci, sun shigo tare da aikin titi da ginin siminti. Bai kamata a rikita wannan *kwata* da kwatar mahauta ba. *Lambatu*, wato babbar kwata, ana danganta ta da yadda ake faɗin "lamba biyu" da Turanci. Ruwan da ke jera kwanaki a tsakiyar damina shi ne *marka* a Kananci, amma a ƙasar Katsina an fi jin *malka*, irin sauyin da ake samu tsakanin *harshe* da *halshe*.

Ƙasa da damina

Kudancin Katsina ya fi arewacinta ruwa nesa ba kusa ba. A yankin Funtua da Bakori ruwan shekara yakan kai kimanin milimita 1,000 ko ya ɗan haura, alhali a birnin Katsina yakan tsaya wajen 600. Damina takan kankama a watan Mayu ta janye a Oktoba, kuma Agusta ne watan da ya fi kowane ruwa. Yankin tudu ne, a kusa da Funtua ma kogin Sakkwato ya samo tushe. Saboda haka ambaliyar babban kogi ba ita ce damuwar yawancin gidaje ba. Damuwar ita ce ruwan da ya sauka a kan gidan da kan unguwar, ya rasa hanyar fita.

Ƙasar ma ta bambanta da jigawar Daura ko ta Mashi, inda rairayi ke shanye ruwa cikin sa'o'i. A nan jar ƙasa ce mai laka, a wurare da dama akwai marmara a ƙarƙashinta, can ƙasa kuma dutse. Irin wannan ƙasa tana riƙe danshi, shi ya sa masara ke yin kyau a cikinta, shi ya sa kuma ba ta saurin tsotse ruwa. Idan malka ta kama, ƙasar takan ƙoshi, ruwan rijiyoyi ya taso sama, duk abin da ya sauka bayan haka sai dai ya gudu ko ya kwanta. Unguwannin da aka yanka filayensu a gefen fadama su suka fi shan wahala.

Lissafin yawan ruwan ba shi da wuya. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Fuloti mai ƙafa 50 a ƙafa 100 yana da kusan murabba'in mita 460. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, lita 23,000 ke nan ta sauka a gidan, wato jarka 920 mai cin lita 25. Duk wannan ruwa ta rariya ɗaya ake so ya fita a gidaje da yawa.

Tsohon tsari

Maginan gargajiya sun san cewa ginin ƙasa yana da maƙiya biyu, ruwan da ke zubo masa daga sama da wanda ke kwance a gindinsa. Rufin soro ana yi masa ɗan gangare zuwa inda indararo yake, a kewaye shi da rawani don kada ruwa ya bi jikin bango. Indararon kansa na yumɓu ne da aka gasa ko na kututturen giginya da aka fafe, daga baya aka koma na kwano. Ana ba shi tsawo da gangan, domin ruwan ya faɗi nesa da tushen gini, kuma a inda yake faɗuwa akan ajiye dutse, fasasshiyar tukunya ko randa.

Bango ana shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Masu hali sukan yi laso, haɗin katsin marina da gashin jima da ruwan dafara, wanda ke daɗewa bai sha ruwa ba. A gindin bangon waje akan gina dakali. Mutane sun fi saninsa a matsayin wurin zaman hira, amma yana kare tushen bango daga feshin ruwa da kwararar layi. Ɗakuna da wani sashe na tsakar gida ana yi musu daɓe: a zuba birji, mata su taru su buge shi da madaɓi, a yayyafa ruwan makuba har ya yi tauri. Dokin ƙofa yana hana ruwa shiga ɗaki, rumbu kuma a kan duwatsu ake ɗora shi. Kafin faɗuwar ruwa, a bazara, akan hau soro a toshe tsaga, a cire ciyawa, a sake yaɓe.

Ƙarshen hanyar shi ne kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar gina unguwar. Tun da daga nan aka ɗebo ƙasar da aka ɗaga gidaje da ita, shi ne wuri mafi kwari, kuma lunguna sukan gangara zuwa gare shi. Wannan tsari yana da nasa aibin: kududdufi matattarar sauro ne da shara, yara kuma sukan faɗa ciki. Duk da haka ya ba ruwa wurin zuwa.

Abin da ya sauya

Rufin kwano ya maye gurbin soro a yawancin sababbin gidaje. Kwano ba ya riƙe ko ɗigo, kuma idan ba a sa masa makwarara ba, ruwan yakan zuba a layi ɗaya daf da bango, ya tona rami a gindinsa. Simintin tsakar gida da intalok sun rage taɓo, amma sun ƙara yawan ruwan da ke isa rariya lokaci guda.

Babban sauyin da ba a cika lura da shi ba shi ne na tsayin layi. Duk lokacin da aka zuba ciko a titi, ko maƙwabta suka zuba ɓaraguzai a ƙofar gidajensu, layin yana ƙara tudu, tsohon gida kuma yana nan inda yake. A tsofaffin unguwanni ana samun gidajen da sai an sauka mataki ake shiga zaurensu. A irin wannan gida rariya takan juye ta zama mashigar ruwa. Ga kuma kududdufai da ake cikewa da shara a sayar a matsayin fili. Wanda ya saya ya gina a wurin da ruwan unguwa ya saba taruwa, ruwan kuma bai san an sayar ba. Leda, musamman ta fiya-wata, ita ce ke ƙarasa toshe abin da ya rage na kwata da kwalbati.

Ginin bulo ma bai tsira ba. Inda ba a yi shimfiɗar hana danshi da magina ke kira DPC yadda ya kamata ba, ruwa yakan hau bango daga ƙasa, fenti ya ɓare, farin gishiri ya fito, filasta ta riƙa zuba. Sake fenti ba ya maganin wannan, domin ruwan daga ƙarƙashi yake zuwa.

Hanyoyin gyara

Mataki na farko kallo ne, ba haƙa ba. Mai gida ya tsaya lokacin da ake tsaka da ruwa ya ga inda yake fitowa, inda yake bi da inda yake tsayawa, ya yi alama a bango daidai inda ya kai. Bayan an ɗauke, magini zai iya auna bambancin tudu tsakanin daɓen ɗaki, tsakar gida, bakin rariya da cikin kwatar waje. Siririn tiyo mai gani-har-hanji da aka cika da ruwa ya isa wannan awo, domin ruwan bakinsa biyu kullum a tsayi ɗaya yake tsayawa. Kuɗi mai yawa kan salwanta a gidajen da aka fara zuba siminti kafin a yi wannan awon.

Idan kwatar waje ta fi tsakar gida kwari, gyaran mai sauƙi ne: a daidaita gangare. Ƙa'idar da ake bi ita ce kimanin santimita 2 a kowace mita, daga gindin ɗakuna zuwa rariya. Tsakar gida mai tsawon mita 10 tana bukatar faɗuwar santimita 20, kusan tsayin bulo ɗaya. Cikon ya zama na birji ko jar ƙasa mai tsakuwa, a zuba shi kaɗan-kaɗan ana dannewa, ba baƙar ƙasar bola ba, wadda ke lotsawa bayan damina ɗaya. Daɓen ɗaki ya kamata ya fi tsakar gida tudu da aƙalla santimita 15. A kewayen gini akan yi shimfiɗar siminti mai faɗin rabin mita zuwa mita ɗaya, mai gangarowa waje, wadda ke yin aikin da dakali ke yi a da.

Rariyar kanta sau da yawa ta yi ƙanƙanta. Bututun roba mai inci 4, wanda aka fi amfani da shi, idan an kwantar da shi da gangaren santimita 1 a mita, abin da yake iya ɗauka bai wuce kimanin lita 6 a sakan ba. Ruwan milimita 50 da aka ambata a sama, idan ya sauka cikin awa ɗaya a gidan da aka malale da siminti, ya ɗan zarce haka, tun kafin ganye ko leda su tare bakin bututun. Mafita ita ce rariya biyu, ko bututu mai inci 6, ko buɗaɗɗiyar kwata mai murfi da za a iya ɗagawa a yashe. A gaban rariya yana da kyau a yi ɗan akwatin siminti mai zurfi inda yashi zai kwanta, a sa raga mai manyan idanu. Ragar tana tare shara, tana kuma hana ɓera da gafiya da maciji shigowa, amma idan idanunta sun yi ƙanana ita ce za ta fara toshewa.

Gidan da layi ya fi shi tudu shi ne mai wuyar sha'ani. A nan ƙara faɗin rariya ƙara wa kai ruwa ne. Abin da ake yi shi ne a ɗaga dokin ƙofar zaure, a toshe tsohuwar rariya, a nemi wata mafita ta ɓangaren da ya fi kwari, ko da ta bayan gida ce, da yardar maƙwabci. Idan babu, sai ciko, wanda wani lokaci yakan tilasta a ɗaga daɓen ɗakuna har da rufi. Buhunan yashi a ƙofa taimakon gaggawa ne kawai.

Rage ruwan tun daga sama ya fi komai arha. Rufi mai murabba'in mita 100 a yankin da ke samun milimita 1,000 yana tara kusan lita 100,000 a shekara, duro 500 ke nan mai cin lita 200. Makwararar kwano ko ta roba a bakin rufi, da bututu zuwa tanki ko duro, tana cire wani kaso daga abin da zai bi tsakar gida, tana kuma rage sayen ruwa. Ruwan farko da ke wanke ƙurar rufi ana barinsa ya zube. Dole tankin ya kasance a rufe, kuma a yi masa hanyar da rarar za ta bi zuwa rariya, domin a malka cikin dare ɗaya yake cika.

Sokawe, wato ramin da ake cikawa da duwatsu ko a gine da bulo mai kafofi don ƙasa ta shanye ruwa, ya yi suna fiye da amfaninsa a wannan yanki. A ƙasa mai rairayi yana aiki. A ƙasa mai laka yakan cika a Agusta ya zauna a cike, ya jiƙa tushen ginin da ke kusa. Kafin a kashe kuɗi, ana haƙa ramin gwaji a tsakiyar damina, ba da rani ba, a cika shi da ruwa. Idan bayan kwana ɗaya ko rabi bai tafi ba, wurin bai dace ba. Inda ya dace, ana nesanta shi da gini da kimanin mita 5. Akwai kuma magudanar ƙarƙashin ƙasa, wato dogon rami mai gangare da ake kwantar da bututu mai huji a ciki a rufe da tsakuwa. Turawa suna kiranta da sunan Henry French, wani lauya ɗan Amurka da ya yi bayaninta a littafinsa na aikin gona a shekarar 1859, ba da sunan ƙasar Faransa ba kamar yadda ake zato. Tana taimaka wa bangon da ke jiƙa daga ƙasa, amma ita ma sai tana da inda za ta zubar.

Ruwan wanka da na wanke-wanke ya kamata a raba shi da na sama. Shi kullum yana zuba, rani da damina, kuma yana ɗauke da sabulu da maiƙo da guntun abinci. A ƙauyuka akan karkatar da shi zuwa gindin ayaba ko gwaza a bayan gida. Turken dabbobi a sa shi a ɓangaren da ruwansa ba zai ratsa tsakar gida ko ya nufi rijiya ba. A bakin gangaren da ke zaizayewa, ciyawar jema tana riƙe ƙasa. Bishiyar turare da bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya, ba a so a dasa su daf da bango ko bututu saboda saiwarsu.

Lafiya da dukiya

Sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro ya fi son ƙananan tafkunan ruwan sama da rana ke duka, irin waɗanda ke kwanciya a sawun taya da ramukan tsakar gida. Daga ƙwai zuwa babban sauro yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, don haka ruwan da ya bushe cikin kwana biyu ko uku ba ya ƙyanƙyashe komai. Baƙin ruwan kwata kuwa wani jinsin sauro yake haifarwa, wanda ya fi damun mutane da cizo da kuka cikin dare.

Haɗarin da ya fi girma shi ne cuɗanyar masai da rijiya. Ƙa'idar da hukumomin agaji ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu, tazarar da fuloti ɗaya ba ya iya bayarwa. Abin da mai gida zai iya yi shi ne ya ɗaga bakin rijiya, ya yi mata shimfiɗar siminti da murfi, ya ɗaga bakin masai don kada ruwan sama ya cika shi. A shekarar 2021 Najeriya ta samu fiye da mutum dubu ɗari da ake zargin sun kamu da kwalara, Katsina na cikin jihohin da cutar ta fi shafa, kuma a watannin damina ta fi tsananta. Masai da ya sha ruwa yana iya ruftawa da mutum.

Katangar ƙasa da gindinta ya jiƙa takan faɗi ba tare da dogon gargaɗi ba, sau da yawa cikin dare. Tsaga a bango, kumburin gindinsa, ko ƙofar da ta fara ƙin rufuwa, alamu ne na a kwashe mutane daga ɗakin. Buhunan masara da aka jingina da bango mai danshi sukan yi fumfuna, wadda ke karya darajarsu a kasuwannin hatsi irin na Bakori da Dandume, wani nau'inta kuma yana da guba ga hanta. Shi ya sa ake ɗora buhuna a kan katako, a bar rata tsakaninsu da bango.

Maƙwabtaka da hukuma

Ruwan da ya fita daga gida ɗaya ƙofar wani yake nufa, don haka rigimar indararo da rariya tsohuwa ce. Malaman fiƙihun Malikiyya sun tattauna ta ƙarƙashin ƙa'idar hana cutar da maƙwabci. Ibn al-Rami, wani magini ɗan Tunis na ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen gini a littafi guda, inda aka bambanta ruwan sama da ruwan ƙazanta, aka fi tsanantawa a kan na biyun. A aikace, a ƙasar Bakori irin wannan ƙara takan fara zuwa wurin mai unguwa, sannan dagaci, sannan hakimi, wanda ke riƙe da sarautar Makaman Katsina, kafin ta kai kotu.

A zamanin En'e, duba-gari yana shiga gidaje ya duba randa da masai da rariya, ya ci tarar wanda ya saɓa. Yanzu aikin yana hannun jami'an lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma. Tsaftar muhalli ta ƙarshen wata ta samo asali ne a mulkin soja na 1984 zuwa 1985. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, NIHSA kuma tana fitar da na ambaliya, yayin da NEMA da takwararta ta jiha ke kai agaji bayan ɓarna, kamar yadda aka yi a Jibiya a watan Yulin 2018, lokacin da ambaliya ta kashe fiye da mutum 40. Manyan ayyukan gwamnati, irin na shirin NEWMAP da Bankin Duniya ya tallafa, sun fi karkata ga lambatun gari da kwazazzabai. Kwatar lungu an bar wa mazauna, kuma ƙungiyoyin matasa ne kan yi gayyar yashe ta a watan Afrilu ko Mayu. Inda aka tara abin da aka yaso a bakin kwatar ba a kwashe da baro ko tifa ba, ruwan farko yakan mayar da shi ciki.